Tambaya da Amsa: Kiɗan Korelli, goge zalla ba ganga

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan lise ne a nan Tawa. Na ci karo da wani kiɗan Turawa a YouTube, an rubuta sonata da camera ta Korelli, goge ne zalla, ba ganga ba mai waƙa. Wallahi ya shiga raina amma ban san ta ina zan kama shi ba. Kuma an ce trio ne, ni ko mutum huɗu na ƙirga. Don Allah a warware min.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ƙirgenka daidai ne. Ana ce mai trio ne don muryoyin kiɗa uku aka rubuta, biyolon biyu a sama, wato gogen Turawa, sai murya ta uku mai kauri a ƙasa, ita ce mutum biyu suke haɗuwa a kanta, mai babban goge da mai klabesan, wani kayan kiɗa mai siffar fiyano. Shi mai klabesan ma ba a rubuta mai komai da komai ba, lambobi kawai ake sa mai a takarda, shi zai cike sauran da kansa.

Arkanjelo Korelli ɗan Italiya ne, an haife shi 1653 ya rasu a Roma 1713. Sonatocinsa irin wannan, wato sonata da camera, ma'ana kiɗan ɗaki da Italiyanci, sun fito kashi biyu, 1685 da 1694, kowane kashi guda 12. A zamaninsa a ɗakunan manyan Roma ake kaɗa su, jama'a kaɗan a zaune kusa da makaɗa, shi ya sa ba hayaniya a ciki, tsirkiyar ma ta hanjin tumaki ce, sautinta ya fi na ƙarfe laushi.

To ka ce ba ganga, amma fa kiɗan rawa ne! Bayan ɗan share fage sai raye-raye su biyo, allemanda mai tafiya a natse, corrente mai sauri, sarabanda a hankali da bugu uku-uku, nauyin yakan faɗa kan na biyu, sai giga mai tsalle-tsalle sau da yawa ta rufe. Aikin ganga muryar ƙasan nan ce ke yi, don haka shawarata ka sa ekuter, wato abin sauraro na kunne, ka bi ta ita kaɗai tukun, ka kyale na saman, za ka ji ƙafarka ta kama da kanta.

Daga nan ka koma kan biyolon biyun, nan daɗin yake. Wannan ta fara wancan ta amsa, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, kamar mata biyu na lugude a turmi ɗaya. Wurin da ni kam ya fi kama min zuciya shi ne a sassan da ke tafiya a hankali, sai ɗaya ta riƙe sautinta ta ƙi saki alhali ƴar'uwarta ta riga ta matsa, sautin biyu su goga juna har ka ji ƙirjinka ya ɗaure, sannan ta sauko taki ɗaya komai ya warware, kafin ka gama numfasawa ɗayar kuma ta riƙe nata. Korelli gwani ne a wannan sarƙa, kuma makaɗa na ƙara nasu adon a kai, shi ya sa ƙungiya biyu ba sa kaɗa sonata ɗaya iri guda.

Ka nemi ta 12 a kashin 1685, Ciaccona. Muryar ƙasa sauti huɗu take saukowa tana ta maimaitawa, biyolon na canja salo a kai. Da ita za ka fara.