Ƙahonnin hular kwanon sojan Jamus

Kana tambaya wai ƙahonni biyun nan dake gefen hular kwanon sojan Jamus a yaƙin duniya na ɗaya ado ne? A'a malam, kafar shan iska ce, kuma a jikinsu ake rataya wani faifan ƙarfe mai kauri dake kare goshi, sojoji masu gadi a bakin ramin fakewa na fagen daga ke sawa.

Ita hular da aka fara rabawa a fagen daga na Verdun dake Faransa cikin 1916 ɓaraguzan bam take tarewa ba harsashi ba, shi yasa ta sauko har kunne da ƙeya. Na taɓa ɗaga faifan wajen wani mai tara kayan tarihi, wallahi ya fi hular nauyi, dole wuya ya gaji shi yasa ba kowa ke ɗaura shi ba.