Baƙon tsuntsu a kan bagaruwa: yaya zan ɗauke shi da waya?

Tambaya: Malam, ina noman rani a fadamar Nguru. Kwana uku ke nan wani ɗan tsuntsu mai zaƙin murya yana sauka kan bagaruwar da ke gefen gonata, har dattawa ba su san shi ba. Na ɗauki hotonsa ya fito dishi-dishi. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ta faranta mini rai. Fadamar Hadejia-Nguru masauki ce ta tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai, wani lokaci kuma iska kan kauce da ɗaya ya faɗo inda ba a saba ganinsa ba. A 1989 wani ɗan tsuntsun Amurka ya ɓulla a Kent ta Ingila, mutane suka yi dafifi don su gan shi.

Ina kyautata zaton da yatsu biyu ka janyo hoton. A yawancin wayoyi hakan yanka hoton kawai yake yi ya kumbura shi. Ka goge gilashin kyamara, ka fito da hantsi rana na bayanka, ka jingina gwiwar hannu da kututture, ka taɓa tsuntsun a allo har ya fito tar. Gara ma ka ɗauki bidiyo, domin zai kama kukansa, kuma ƙananan tsuntsaye masu kama da juna sau da yawa da murya ake rarrabe su. Kada ka matsa har ya firgita. Mai doguwar tafiya ne, abinci yake nema.

Manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell kyauta ce, tana gane tsuntsu daga hoto. Sai dai tana fifita tsuntsayen da aka saba gani a inda kake, don haka baƙo na iya ruɗa ta. Kada ka ɗauki amsarta a matsayin hukunci.

Abin da na fi so ka kiyaye shi ne asalin hoton. Kunna GPS, wato abin da ke nuna inda kake a waya, tun kafin ka ɗauka, sai ranar da wurin su shiga cikinsa. In ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, zai matse shi ya share bayanan. Tura shi a matsayin fayil. Daga nan ka ɗora a eBird ko iNaturalist, shafukan intanet da ake ɗora bayanan tsuntsayen da aka gani, ko ka nemi masana cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos su duba maka.