Amsar saƙonka kan auren takarda a Meksiko

Ƙanina, na saurari saƙon muryarka har ƙarshe, duk tsawonsa. Kana so in nemo maka 'yar Meksiko, "ko bazawara ce, ko da tana da 'ya'ya", ka aure ta ka samu takarda, daga nan ka lallaɓa Amurka. Har ka ce ai ni ma haka na yi. Wannan maganar ce ta sa na ƙi amsa maka da zafina, don kada in rubuta abin da zai kai kunnen Hajiya.

Zancen hanya ba zan ɓata bakina a kai ba. A 2023 sama da mutum dubu 500 suka ratsa dajin Darien tsakanin Kolombiya da Panama, wasu suna can har gobe. Manhajar CBP One da ake neman ranar ganawa da jami'an Amurka da ita a bakin iyakarsu, an rufe ta ranar 20 ga Janairun 2025. Tapachula kuwa, garin da ke kudancin Meksiko kusa da iyakar Guatemala, je ka tambayi 'yan Afirka da 'yan Haiti da suka yi watanni suna zaman jira a can. Ta fuskar doka, auren masallaci ko na coci ba ya ba ka komai a nan, sai wanda aka ɗaura a ofishin rajista na gwamnati. Da shi za a ba ka izinin zama na wucin gadi, sai bayan shekara 2, in auren yana nan, ka nemi na dindindin. Kuma katin zaman Meksiko ba ya shigar da kowa Amurka, biza za ka nema kamar yadda za ka nema daga Abuja.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ka ce "ko da tana da 'ya'ya", kamar kana cinikin mota kana cewa ko da taya ɗaya ta sude.

A gida agola ne ke biyo uwarsa gidanka, ya koyi dokokinka. Ni a nan birnin Gwadalahara ni na shiga gidan matata da ɗanta. Yaron yana da shekara 8 lokacin, ubansa ya rasu, hoton uban yana falo, kujerarsa tana wurin cin abinci, kakarsa ta wajen uba tana layin bayanmu da makullin gidan a jakarta. Ba ya yi mini rashin kunya. Da ma ya yi, da na san ta inda zan ɓullo masa. Gaisuwa ce a tsaye, "señor", wato "malam", ya shige ɗaki. In na zauna kallo sai ya tashi. Kuma ka cire maganar bulala daga kanka, tun 2021 dokar ƙasar ta haramta dukan yaro, ko ubansa ne, balle kai baƙo baƙar fata mai katin wucin gadi. Kakar nan ta gama gaya wa maƙwabta takarda na zo nema. A makarantarsu sai an duba katina a ƙofa kafin a ba ni shi, iyayen wasu kuwa hannu kawai suke ɗagawa daga mota. Wannan har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ranakun Asabar uwarsa tana aiki, dole ya bi ni shagona na gyaran waya kusa da kasuwar San Juan de Dios. Nan na lura bayan kowace takardar rasit ya cika ta da zane: karnuka, hannuwa, masu turin kaya. Wata rana ciniki ya mutu, na rufe shago na kai shi Hospicio Cabañas, nan kusa ne da ƙafa. Da can gidan marayu ne, yanzu gidan tarihi. A cikinsa José Clemente Orozco ya yi zanen bango 57 a ƙarshen shekarun 1930, kuma akwai bencina da mutane ke kwanciya rigingine don kallon kubbar, inda ya zana mutum yana tashi sama cikin wuta. Yaron ya kwanta, ya ƙi tashi. Da mai yi wa baƙi bayani ya ce Orozco ya rasa hannun hagu tun yana saurayi, albarushi ya fashe masa, sai na ga yaron ya cusa hannunsa na hagu cikin aljihu, yana zana iska da na dama. A hanyar komawa ya yi mini magana mafi tsawo tun zuwana gidan, wai nawa ake sayar da fenti. Na saya masa, har da buroshi da takarda mai kauri, kuɗin gyaran waya uku.

To ka san me ya fara zanawa? Fuskar ubansa. Watan Nuwamba ya matso, ranakun 1 da 2 ne bikin tunawa da matattu, kowane gida ana haɗa tebur da kyandir da furanni ruwan lemo da burodi da hoton mamaci. Ga ni Musulmi, na tashi ina jin abin da malamanmu ke faɗa kan zanen mai rai, ga agolana a tsakar falo yana gyara gashin bakin ubansa da fentin da na saya da kuɗina. Kai da kake ganin abin wasa ne, me za ka yi? Ka hana maraya? Ni dai ban hana ba, ban kuma sa hannu a teburin ba. Na yi sallata a ɗaki, na fito na riƙe masa fitila. Shi ya tambaye ni me ya sa ba na zana fuska. Na buɗe waya na nuna masa zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, da zayyanar allo, da aikin wuyan babbar riga. Ya daɗe yana bin dagi da yatsa yana neman inda zaren ya fara. Yanzu kusan duk zanensa da dagi a gefe, malamarsa ta ɗauka ƙirƙirarsa ce, ya ce mata a'a, na garin mijin mamarsa ne. Har yau bai kira ni baba ba, ban kuma nema ba. Sunana yake kira, kuma in zai nuna sabon zane ni yake fara kawo wa, kafin uwar, kafin kakar. Wannan ba wanda ya ba ni, ni na nema da haƙurina.

Sauran wahalhalun ƙanana ne amma kullum ne. Wakensu da tamal, wani dafaffen ƙullin masara da ake naɗewa a ganye, sau da yawa da kitsen alade ake yi, sai ka tambaya kafin ka kai baki. Ƙidayar 2020 ta samu Musulmi ƙasa da dubu 8 cikin mutum miliyan 126, don haka azumi kai kaɗai, ranar Sallah kana shago. Sifaniyanci dole ne, Turancinka ba zai saya maka ko tumatir ba.

Mace dai ba zan nemo maka ba. Matata tana da ƙawaye zawarawa, yawancinsu da yara, kuma na san yaran da sunayensu, ba zan kai musu wanda ya riga ya sa ranar gudu ba. In karatu kake so, turo mini sakamakonka in duba abin da jami'o'in nan ke nema, ka kuma fara koyon harshen tun daga nan. Kuɗin filin da ka ce za ka sayar, kada ka taɓa shi sai mun yi magana da Baffa.