Ƙaramin lensi mai faɗin gani amma ba ya shan haske sosai: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki da suna ne a nan Bauchi, wajen Yalwa. Kyamarata Canon 700D ce, ina da lensin da ta zo da shi, wato 18-55mm, sai kuma 50mm f/1.8. Wani abokin sana'a yana son ya sayar mini da Canon 10-18mm f/4.5-5.6 na hannu. Ya kwanta mini a rai don ƙarami ne, ba shi da nauyi. Amma maigidana da ya koya mini aiki ya ce kada in zubar da kuɗina, wai lensin makaho ne, da zarar an kira magariba aikinsa ya ƙare. In saya ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ni dai shawarata ka saya, in har kana da filashi na ɗorawa a kan kyamara. In ba ka da shi, fara sayen filashin tukuna, lensin ya biyo baya. Ga dalilina.

Maigidanka yana da gaskiya a kan batun haske, kuma ya kamata ka san girman abin da lissafi. Lambar nan da ke bayan harafin f ita ce ke nuna faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga kyamara, kuma a juye take: ƙaramar lamba babbar ƙofa, babbar lamba ƙaramar ƙofa. Lensinka na 50mm in ka buɗe shi a f/1.8, hasken da yake sha ya ninka na f/4.5 sau shida da ɗoriya, ya kuma ninka na f/5.6 kusan sau goma. Ka ɗauka kana wurin kamu da daddare, an ɗauke wuta, ƙwai biyu ne kawai ke ci da janareta, kana ɗauka da 50mm a ISO 800, wato lambar da ake ɗagawa don kyamara ta ƙara wa hoto haske. Ka cire shi ka ɗaura 10-18mm, to sai ka kai ISO wajen 5000 kafin ka samu haske irin na ɗazu. Kai ma ka san yadda 700D take yi a irin wannan lamba: hoton ya fito da tsakuwa-tsakuwa, launin leshin amarya ya dusashe. Abin da maigidanka ke gudar maka ke nan.

To amma me ya sa nake cewa ka saya? Saboda akwai wata matsala da haske ba ya maganinta, ita ce bango a bayanka. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya ranar jere ya san wannan wahala. An kafa gado, an jingina madubi, ga sif ya cinye bango guda, ga kujeru, ga labule sabo har ƙasa, ƙannen uwa da gwaggonni sun cika ɗakin, kowa na son hoton ya nuna kayan da aka yi wa 'yarsu gaba ɗaya. Kai kuma ka ja baya har ƙeyarka ta taɓa bango, amma rabin gado kawai kake gani a kyamara. Daga nisan mita 3, lensin 50mm yana ɗibar faɗin da bai wuce mita 1.3 ba. Na 18-55mm in ka mayar da shi 18mm yana ɗibar kamar mita 3.7. Shi kuwa 10mm daga wuri ɗaya yana ɗibar kusan mita 6.7. Ɗakin duka ke nan, daga ƙofa har taga, har da silin. Babu dabarar da za ta ba ka wannan hoton in ba ka da lensin da ke gani da faɗi haka.

Sannan akwai abin da masu kushe irin wannan lensi ba su cika faɗa ba: ƙanƙantar ƙofar haske ba ta cutar da lensi mai faɗin gani kamar yadda take cutar da dogo. Na farko, ko da an ba ka mai f/2.8, yawancin hotunan da ake ɗauka da shi sai ka tsuke ƙofar zuwa f/5.6 ko f/8, domin kana son na gaba da na baya duk su fito tar. A 10mm, in ka sa f/5.6 ka saita idon kyamara, wato fokas, a kan abin da ke nisan mita ɗaya, komai daga rabin mita har iyakar gani zai fito a sarari. Kwatanta da 50mm a f/1.8: mutum na tsaye mita 2 daga gare ka, wurin da ke fita tsaf bai fi santimita 11 ba, shi ya sa in ka jera mutum biyar sai ka ga biyu sun fito, uku sun yi dishi-dishi. Na biyu, gajeren lensi ba ya nuna rawar hannu sosai, ga shi wannan na Canon ɗin yana da na'urar rage rawar hannu a cikinsa, wadda suke rubutawa IS. Ɗakin da babu kowa, ko masallaci, ko shago da aka jera kaya, za ka iya ɗauka da ƙyaftawa mai jinkiri, wato ka bar kyamara ta ɗan jima tana shan haske, kamar 1/10 na daƙiƙa, ka samu hoto mai kyau ba tare da ka kafa kyamarar a kan ƙafa uku ba.

Sai dai ka riƙe wannan da kyau, don nan ne ake yawan ruɗuwa: na'urar IS ɗin rawar hannunka kawai take tsayarwa, ba ta tsayar da mutane. Ƙawayen amarya na rawa, yaro ya gifta da gudu, duk za su fito kamar hayaƙi. A nan ne filashi ke shigowa. Ka juya kansa sama ya daki farin silin, hasken ya bazu ya dawo kan mutane a tausashe. Kada ka dogara da ɗan ƙaramin da ke jikin kyamara, haskensa ba ya kai gefe da gefe a 10mm, kuma sau da yawa yana jefa inuwar lensin kansa a ƙasan hoton.

Da rana kuwa maganar haske ba ta ma taso ba. Ranar Bauchi tsakanin hantsi da la'asar takan ba ka f/8 da ƙyaftawa 1/400 a ISO 100 cikin sauƙi. Ka shiga kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, inda dogayen bangaye suka kewaye ka, sama a buɗe, za ka ga amfaninsa nan take: bango da kabari da sararin samaniya a hoto guda. Haka ruwan Wikki a Yankari, da itatuwan da suka yi masa rumfa. Amma kada ka je da shi neman giwa, za ta fito kamar ƙuda a tsakiyar daji. Hawan Sallah ma haka, in kana nesa dawakin za su ƙanƙance, in kuma ka ce sai ka matsa kusa da mahaya don su cika hoton, ka sa kanka a hatsari. Ka ɗauki taron jama'a da ƙofar fada da shi, mahayan ka bar wa dogon lensi.

Akwai aibi guda da ya fi rashin shan haske damuna, kuma na koye shi da jin kunya. Farkon samuna da irin wannan lensi, na jera dangin amarya a wani ɗan tsakar gida, na matsa kusa don kowa ya shiga. Da aka wanko hoton, wata dattijuwa da ke can ƙarshen layi fuskarta ta ja gefe, kafaɗarta ta yi faɗi kamar an miƙe ta. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, haka Allah ya yi ni?" Ban samu abin cewa ba sai haƙuri, na koma washegari na sake ɗaukarta. Lensi mai faɗin gani yana jan duk abin da ke gefe, yana kuma kumbura abin da ya fi kusa da shi, hanci ko hannu ko ƙafa. Don haka manyan mutane a tsakiya, ka bar fili a gefe biyu, ka riƙe kyamara daidai ƙirji ba tare da ka karkata ta sama ko ƙasa ba, in ba haka ba bangaye su yi kamar za su faɗo. In mutane ne ainihin abin da kake ɗauka, ka tsaya a 14mm zuwa 18mm. Hoton fuskar amarya kuwa, wanda abin da ke bayanta ke narkewa ta fito ita kaɗai, aikin 50mm ɗinka ne, wannan ba zai taɓa yi maka shi ba.

Batun ƙanƙanta da ya ja hankalinka, kada ka ɗauke shi abin wasa. Nauyinsa giram 240 ne. Masu f/2.8 irin su Tokina 11-16mm sun haura rabin kilo, kuɗinsu ma ya fi. Wanda ke yini a tsaye tun daga ɗaurin aure har kai amarya, jaka a kafaɗa, yana hawa achaba daga wannan unguwa zuwa waccan, ya san bambancin. Na ga abokan sana'a da suka sayi babban lensi mai tsada, bayan wata biyu suka fara barinsa a gida. In kana haɗawa da bidiyo ma zai yi maka daɗi, injin saita idonsa na STM ba ya ƙara, kuma faɗinsa yana ɓoye girgizar tafiya in kana bin amarya a baya.

Abu biyu game da dacewa. Lensin EF-S ne, na kyamarori masu ƙaramin faifan karɓar haske irin taka. Ranar da Allah ya hore maka ka koma masu babban faifai irin su Canon 6D ko 5D, ba zai hau ba. Masu Nikon da ke karanta wannan kuma, takwaransa shi ne AF-P 10-20mm f/4.5-5.6, amma ba ya aiki da tsofaffi irin su D90, D3100, D5100 da D7000, sai a bincika kafin a biya.

Tunda na hannu ne, kada ka miƙa kuɗi sai ka gwada shi a kan kyamararka. Cire murfi biyu, ka haska tocilar waya ta cikinsa. 'Yar ƙura ba komai ba ce, wanda ya yi hunturu a Bauchi ba ya rasa ta, amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce ta damina, ka mayar masa da kayansa. Duba gindin da ke maƙalewa a kyamara, na roba ne, ka tabbata bai tsage ba. Sannan ka tsaya daidai gaban bangon bulo, ka ɗauka a 10mm da kuma 18mm, ka buɗe hoton a kwamfuta ka duba kusurwoyi huɗun. In uku sun fito ɗaya ta dushe, wataƙila lensin ya taɓa faɗuwa, ka nemi wani.