Amsa ga mai tambaya kan rubuta labarin harin ƙauyensu

Ƙanena, na ga tambayarka: an kai hari ƙauyenku, ɗan baffanka na cikin waɗanda aka kashe, kana son rubuta labarin amma kana tsoron zafin rai ya karɓe maka alƙalami. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

Na daɗe ina rubuta labarai daga nan Katsina, kuma a iya abin da na gani, son rai bai cika shigowa ta ƙofar ƙarya ba, ta kalma ɗaya yake saɗaɗowa. An taɓa kai hari wani ƙauye a yankin Batsari, inda dangin mahaifiyata suke. Raina a ɓace na rubuta "Fulani sun kashe mutane". An kashe mutanen, babu ja. To amma akwai wani dattijo makiyayi, aminin mahaifina, wanda waɗannan 'yan bindigar suka kore wa shanu kaf, ɗansa ya karanta masa abin da na sa. Da muka haɗu ranar kasuwa bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Yaro, har da ni?" Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar, wanda ya ɗauki bindiga nake ambata, ba ƙabilarsa ba. Haka nan in 'yan sa-kai suka kashe wanda bai ji ba bai gani ba, kisa nake kiransa, ba na lulluɓe shi da "mayar da martani". Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana mu barin adalci saboda ƙin wasu mutane.

Sai batun adadi. Ka tuna daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Buhari, shugaban ƙasa na wancan lokacin, yana Daura, nan take zancen ya koma siyasa: mai jin haushin gwamnati ya ƙara wa adadin gishiri, mai kare ta ya rage. Shekau, shugaban Boko Haram a lokacin, ya fito ya ce shi ne ya kwashe su, gwamnatin Masari ta Katsina ta ce 'yan bindiga ne. Sai ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Mu da muka yi ta tura lambobi a WhatsApp, iyaye muka ƙara wa tashin hankali.

Saboda haka kada ka rubuta yau. Bari a yi sadakar uku. Ka tambayi waɗanda suka yi jana'iza gawa nawa suka sallata, ka ji ta bakin mai gari da 'yan sanda, kowa ka jingina masa maganarsa ko da ta saɓa. Hoton da ba ka san wanda ya ɗauka ba, bar shi.

Kuma ka faɗa tun a layin farko cewa ɗan'uwanka na cikin mamatan. In ka gama, turo mini ta akwatin saƙo in duba kafin ka sa.