Kiran metod daga cikin fayil ɗin SCXML

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wa wani shagon atamfa a Kantin Kwari manhaja da Java. Na rubuta matakan oda a SCXML, wato harshen da ake tsara matakan manhaja da shi: jiran biya, an biya, an ɗaure kaya. So nake da zarar an shiga "an biya" a kira metod ɗin aikaSako() na wani objek da ke cikin manhajar. Ta yaya zan yi? Daga mai karatu a Fagge.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ƙa'idar SCXML da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta tabbatar a 2015 ba ta san objek ɗin Java ba. Injin da ke karanta fayil ɗin shi ne ke buɗe maka wannan ƙofa.

Idan injin Apache Commons SCXML kake amfani da shi, sai ka fara miƙa masa objek ɗin kafin ka tayar da injin: getRootContext().set("sako", objek). Daga nan JEXL, harshen da injin ke karanta irin wannan kira da shi, zai gane sunan, ka rubuta sako.aikaSako() a cikin <onentry> na matakin "an biya", wato sashen da ke aiki da zarar an shiga matakin, ta <script> ko ta expr.

Amma don Allah kada ka sa wannan kira a cikin cond na <transition>, wato sharaɗin wucewa daga wani mataki zuwa wani. Cond tambaya ce kawai, eh ko a'a, kuma injin zai iya duba ta sau da dama. Ka ga ke nan kwastoma ɗaya sai ya sami saƙo uku kan turmi ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Injin ba ya ɗaukar sabon lamari sai ya gama abin da ke hannunsa. Ka san yadda netwok yake a kasuwa da rana tsaka: aikaSako() na can yana jira, yaron shago yana ta danna allo, Hajiya na tsaye da ledarta, komai ya tsaya cak. Shi ya sa ni na fi son <invoke> ga irin wannan aiki. Shi yana tafiya a gefe, idan ya kammala sai lamarin done.invoke ya dawo, ka wuce zuwa "an ɗaure kaya".

Ka kuma tanadi <transition> mai sauraren error.execution, domin nan injin yake kai ƙara idan kiran ya faɗi. In babu shi, kuɗi sun shiga, saƙo bai fita ba, kuma ba wanda zai sani sai kwastoma ta bugo waya.