Aikin sa-kai zai taimaka wa mai son fara sana'a?

Ƙanwata daga Gombe ta tambaya: tana haɗa turaren wuta da humra, jarinta kaɗan ne, ko aikin sa-kai zai amfane ta, ko ɓata lokaci ne?

Zai amfane ki, amma ki zaɓi wurin da za ki fito da wata ƙwarewa a hannu. Wasu ƙungiyoyin sai dai su ba ki riga ki tsaya a ɗauki hoto, wannan kam ki bar musu. Nemi inda za a ɗora miki rubuta sunayen mahalarta a Google Sheets (manhajar jeri da lissafi), ko tsara sanarwa da Canva (manhajar tsara hotuna), ko kula da shafinsu na Facebook. Wannan aikin shi za ki juya kan kayanki: lissafin kuɗin kwalba da itacen turare da ribar kowace kwalba, da hoton kaya a kan farin ƙyalle kusa da taga, ba a cikin duhun ɗaki ba.

Sabon tunani daga nan yake fitowa. Idan lissafi ya nuna ƙananan kwalabe sun fi tafiya wajen ɗalibai, sai ki ƙirƙiro ƙaramin ƙunshi mai araha, ki sa a kundin kayanki na WhatsApp Business. Mutanen da kika yi aiki tare da su kuma su ne kwastomominki na farko.

Don horo kyauta, duba shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. In kasuwa ta kama, ki yi rajistar sunan sana'arki da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya.